Amsar tambaya: zanen sarki mai rawani da hannun da ke rubutu a bango

Wani ƙanina ne ya turo min hoton wani zane da ya gani ana yawo da shi a Facebook, sarki ne da ƙaton farin rawani da alkyabba ta zinariya, ya waiwaya a firgice yana kallon wani hannu da ya fito daga cikin hayaƙi yana rubutu a bango. Tambayoyinsa uku ne: Yaya wannan labarin waye, rubutun Larabci ne ko me, sannan me ya sa Turawa suke zuzuta shi haka alhali shi dai duhu ya gani ya yi yawa a ciki?

To ƙanina gyara zama, don ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, wannan zanen na daɗe ina koyar da ɗalibai da shi kuma na taɓa tsayawa a gabansa ido da ido. Sunansa Bikin Belshazzar, wanda ya zana shi Rembrant ne, mutumin ƙasar Holan, an haife shi a garin Leiden a 1606 ya rasu a Amstadam a 1669. Ya yi shi wajajen 1636 zuwa 1638 yana ɗan shekara 30 ko da ɗan ɗoriya, ya ma sa hannu da shekarar a jiki amma lambar ƙarshe ta goge, 163 kawai ake iya gani. Yanzu yana National Gallery, wani gidan adana zane-zane a Landan, sun saye shi a 1964. Kuma kar wayarka ta yaudare ka, faɗinsa ya haura mita 2, tsayinsa wajen santimita 168, in ka tsaya a gabansa sarkin nan girman mutum ne sosai, kamar kana zaune a teburin tare da su.

Labarin yana cikin Littafi Mai Tsarki, littafin Daniyel sura ta 5, babu shi a Alƙur'ani. Belshazzar sarkin Babila, wato ƙasar Iraƙi ta yanzu, ya shirya gagarumar liyafa ya tara manyan fadawansa dubu. Da giya ta fara hawa kai sai ya ce a ɗauko masa kofunan zinariya da azurfa da Nebukadnezzar ya kwaso ganima daga Haikalin Urushalima, shi Nebukadnezzar ɗin nan shine wanda littattafan tarihi na Larabci suke kira Bukhtanasar, wanda ya rushe Baitul Muƙaddas ya kwashe Bani Isra'ila bayi. Kayan da aka keɓe don bautar Allah, sai ga shi ana zuba giya a ciki, shi da fadawa da matansa da ƙwaraƙwaransa suna sha suna yabon gumakansu na zinariya da itace da dutse. Ana cikin haka sai yatsun hannun mutum suka bayyana suna rubutu a jikin bango. Littafin ya ce fuskar sarki ta sauya, gwiwoyinsa suka riƙa bugun juna. Ya kira bokaye da masu duba ya ce duk wanda ya karanta za a sa masa rigar sarauta da sarƙar zinariya ya zama na uku a mulki, duk suka kasa, sai da sarauniya ta tuna masa da Daniyel, wani mai hikima daga cikin Bani Isra'ilan da aka kwaso bayi. Daniyel ya zo ya karanta ya fassara, a daren nan aka kashe sarkin. Tunda na san abin da zai zo maka a rai bari in faɗa tun yanzu, shi Daniyel ba ya cikin zanen ko kaɗan, sarkin ne kawai da 'yan bikinsa.

Rashin Daniyel ɗin nan ma daga nan ya kamata ka fara karanta zanen. Mai zane ba kamar mai fim ba ne, ƙiftawar ido ɗaya tak yake da ita daga cikin dogon labari, to wacce zai ɗauka? Yana iya zana lokacin da ake fassara, ko lokacin da aka kashe sarki da jini da takubba. Rembrant ya tsallake duka ya ɗauki daidai lokacin da hannun bai ma gama rubutun ba, ba wanda ya san me aka rubuta, amma jikin sarkin ya riga ya gane cewa da shi ake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan shine halin salon da ake kira Barok, wanda ya taso daga Rum a ƙarshen ƙarni na 16 ya mamaye Turai a ƙarni na 17, masu zanen da suka gabace su sun fi son nutsuwa, kowa a tsaye a inda aka ajiye shi tsaf, su kuwa 'yan Barok tsakiyar tashin hankali suke kamawa, abu yana faɗuwa bai kai ƙasa ba, baki a buɗe ihun bai fito ba. Rembrant da kansa a wata wasiƙa da ya rubuta wa Constantijn Huygens, sakataren yariman Holan, a 1639, ya ce abin da yake nema a aikinsa shine motsi mafi ƙarfi kuma mafi kama da na gaske.

Yanzu dubi jikin sarkin. Ƙirjinsa yana fuskantar mu da baƙinsa, amma wuyansa ya murɗe baya ta kafaɗar hagu, irin waiwayen da mutum yake yi in an kira sunansa a inda bai zata akwai kowa ba. Ya zabura ya miƙe daga zaune, hannun hagu ya watsa shi sama kamar zai kare duka, hannun dama kuma ya dafe wani kwano a kan tebur, a garin zaburar ya ture kofi giya tana kwarara. In ka ja layi daga wannan hannun daman da ke ƙasa ta hagu ka bi ta ƙirji ka bi hannun hagu, kai tsaye zai kai ka kan rubutun a kusurwar sama ta dama. Layi a karkace kenan ya raba zanen biyu, kuma ko ba ka sani ba idonka shi yake bi. Layi a kwance yana sa zuciya ta kwanta, a karkace kuwa ji kake kamar abu zai zame, su Rembrant sun san wannan sarai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne alkyabbar. Ranar da na je na fara tsayawa daga nesa, wallahi zinariya na gani, saƙa mai nauyi da duwatsu masu daraja da gashin dabba a baki-baki, har kana jin yadda take danne masa kafaɗa. Da na matsa kusa iya inda aka yarda mutum ya tsaya sai zinariyar ta ɓace, abin da ke wurin fenti ne a cakuɗe, guda-guda, wani wajen an ɗiga shi kamar ɗigon kunu mai kauri, wani wajen an ja shi da busasshen burushi, launin ƙasa da ja-ja a ƙarƙashi sannan ɗigo-ɗigon rawaya da fari a sama, sun yi tudu har suna da 'yar inuwarsu. Babu ko ƙwayar zinariya ta gaske a wurin. Rawayan nan daga dalma da kuza ake haɗa shi, farin ma na dalma ne, almajiransa ne suke niƙa su a kan dutse su kwaɓa da mai. Wannan dabarar ta tara fenti ya yi kauri ita ake kira impasto, kuma amfaninta shine hasken ɗakin da kake tsaye na gaske yana bugun tudun fentin ya dawo idonka, sai ƙyallin ya zama na gaske, in ka gusa shi ma ya gusa. Na ja da baya taku huɗu zinariyar ta dawo, na yi haka ya fi sau biyar. Shi ya sa a wasiƙarsa ga Huygens ya roƙa a rataye wani babban zanensa a wuri mai haske sosai inda mutum zai iya tsayawa daga nesa.

Riƙe maganar nauyin alkyabbar nan, mu je kan rubutun. Ba Larabci ba ne, haruffan Ibrananci ne, harshen kuma Aramiyanci, dukkansu dai 'yan gida ɗaya ne da Larabci kuma daga dama ake fara su kamar ajaminmu. Kalmomin su ne mene, mene, tekel, ufarsin. A zahiri sunayen ma'aunan kuɗi ne na kasuwa, kamar ka ga an rubuta fam, fam, sule, sisi a bango, ko ka iya karantawa me za ka ce ana nufi? Daniyel sai ya karanta su a matsayin aikatau. Mene, an ƙirga kwanakin mulkinka an kawo ƙarshensa. Tekel, an ɗora ka a ma'auni an tarar ba ka cika ba. Sannan peres, wato tilon kalmar ufarsin, an raba mulkinka an ba Mediyawa da Farisawa, kuma kalmar tana da sautin sunan Farisa a cikinta. Ita tekel ɗin nan tushenta ɗaya da thaƙula na Larabci, yin nauyi, inda aka samo miskali, wanda kai ma ka sani a miskala zarratin. Don haka maganar ba baƙuwa ba ce a kunnenka, mizani ne, wanda nasa ya yi nauyi da wanda nasa ya yi sakayau.

A nan ne nake ganin fasaha da ma'ana suka haɗe suka zama abu guda, kuma in za ka manta da duk abin da na faɗa kar ka manta da wannan. Rembrant ya ɗauki fenti mafi kauri a duk zanen ya lafta wa mutumin nan, alkyabba, sarƙa, rawani mai hawa-hawa, kambi a saman rawanin, ɗan kunne, ga tumbi, ya mai da shi abu mafi nauyi da idonka zai gani, ya cika tsakiyar zanen ba masaka tsinke. Sannan a gefe ya sa rubutun da ba shi da jiki, haske ne zalla, yana cewa an auna ka ba ka da nauyi. Ba sai an fassara maka ba, idonka ya riga ya ɗora su a sikeli. Ka lura kuma da kambin, ɗan ƙarami ne a kan wannan uban rawani, ya koma can baya, kamar in ya ƙara juya wuya kaɗan zai faɗo. Fuskar kuwa da ka cire kayan tsoho ne kawai mai furfura a gemu da tsoro a ido, farin idon nan da ya fito ɗan fenti ne ƙanƙani amma shi ya riƙe zanen gaba ɗaya. Ni ban taɓa kallonsa na ji daɗin abin da ya same shi ba, tausayi yake ba ni da tsoro, don Rembrant bai zana shi dodo ba, mutum ya zana.

Akwai wani abu a rubutun da mutane da yawa ba su sani ba. Malaman Yahudawa sun daɗe suna tambaya, in dai Aramiyanci ne harshen da ake ji a Babila, me ya hana bokayen karantawa? Ɗaya daga cikin amsoshin da ke cikin Talmud, babban kundin karantarwar malamansu, ita ce an jera haruffan ne daga sama zuwa ƙasa maimakon a kwance. Gwada da kanka, rubuta Bala a tsaye harafi ƙarƙashin harafi, a gefensa Sani, a gefensa Musa, sai ka ba wani ya karanta layi-layi a kwance, zai samu bsm, aau, lns, aia, shirme kenan. Haka Rembrant ya yi, haruffa 15 a ginshiƙi biyar, kowanne uku-uku, ana farawa daga dama a gangaro. A ina ya samo wannan shi da ba Bayahude ba? A Amstadam akwai wani babban malamin Yahudawa kuma mai ɗab'i, Menasseh ben Isra'ila, unguwarsu ɗaya, kuma wannan jerin sak ya fito a wani littafinsa da aka buga a 1639, shi ya sa masana suka fi karkata ga cewa shi ya nuna masa. Daga baya a 1655 ma Rembrant ya yi masa zane huɗu na wani littafin. Sai dai da yake kwafa ya yi ba iyawa ba, harafin ƙarshe da hannun yake kan rubutawa ya fi kama da zayin, wato z ɗinsu, alhali nun ya kamata ya zama, irin kuskuren da ɗan makarantar allo yake yi in ya kwafi abin da bai kai ba.

Sai maganar duhun da ka yi ƙorafi. Da gangan ne, sunan dabarar kiyaroskuro, kalmar Italiyanci ce, haske da duhu a haɗe. Wanda ya fi shahara da ita Karabajo ne a Rum wajajen 1600, shi Rembrant bai taɓa taka Italiya ba amma malaminsa Pieter Lastman ya je, haka wasu masu zane na garin Utrecht sun je sun dawo da salon. Ka tuna dare a tsakar gida an ɗauke wuta an kunna aci-balbal, fuskar wanda ke kusa kawai kake gani da gefen kwano, sauran duk kai kake cikewa da tunaninka. Mai zane yana amfani da duhu ya share duk abin da ba ya so ka ɓata lokaci a kai. Littafin ya ce mutum dubu ne a wurin, Rembrant mutum shida kawai ya nuna, babu ginshiƙan fada, babu dogarai, ya matso da mu kusa har gefen zanen ya yanke wasu. Da ya zana babban zaure da jama'a dubu da ka tsaya daga waje kana kallo, yanzu kuwa ba ka da wurin gudu. Amma kana da gaskiya ta wani ɓangaren, zanen ya fi yadda ya bar shi duhu, shekara kusan 400 ba wasa ba, wasu launukan sun koɗe, musamman wani shuɗi da ake yi da niƙaƙƙen gilashi wanda in ya tsufa yake komawa toka-toka.

Dubi matar da ke dama mai jar riga, wannan wurin ne ɗalibaina suka fi shan wuya in na ce su kwafa. Ta zame ta yi baya ta sunkuya, mu kuma muna ganinta kamar daga sama, ƙeya da wuya da kafaɗa, ba ma ganin fuskarta sam, amma tsoronta ya fi na kowa fitowa. Zana jiki a wannan karkacewar, a gajarce shi yadda ido yake ganinsa ba yadda kai ka san tsawonsa ba, sai wanda hannunsa ya faɗa. Kofin da ke hannunta ya kife giyar tana zuba a kan hannun rigarta, kuma kar ka manta kofin nan na Haikali ne, wato laifin da hukuncin suna cikin ƙiftawa ɗaya, abin da aka sata yana zubar da abin da aka zuba masa da kansa. Kofi biyu ne suke zuba a zanen, nata da na sarki. Can baya ta hagu kuma cikin duhu akwai wata mai busa sarewa, da ƙyar za ka gan ta a waya sai ka ƙara hasken sikirin, ita ba ta ma san me ake ciki ba, mu take kallo. Ina son wannan ƙwarai, kiɗan bai tsaya ba tukuna.

Ba zan ce maka komai na zanen ya yi ba. Mutum biyun da ke bayan sarki ta hagu, tsoho mai gemu da matar da ta haɗe hannuwa, sun zaro ido sun buɗe baki irin na 'yan wasan kwaikwayo, a ganina sun yi yawa, kuma abin lura sarkin suke kallo ba bangon ba. Rembrant na wannan lokacin matashi ne mai ji da kansa, bai daɗe da auren Saskia ba a 1634, kuɗi na shigowa daga zanen fuskokin attajirai, yana so ya nuna wa duniya shi ma zai iya manyan labarai kamar Rubens, wani shahararren mai zane na zamaninsa. In ka ga ayyukansa na tsufa za ka tarar ya daina wannan hayaniyar, mutum a tsaye shiru amma zuciyarka ta karye. Wannan na ƙuruciya ne, da ƙarfinsa da rawar kansa.

Kayan jikin sarkin da ka ce sun yi kama da na sarakunanmu, ba daga Babila ya samo su ba, lokacin ba a tono Babila ba balle a san me suke sawa. Amstadam tashar jiragen ruwa ce da ke ciniki da Turkiyya da Farisa da Indiya, yana ganin baƙi da rawani da yadudduka na gabas, shi kuma mutum ne mai tara irin waɗannan kayan a gida yana sa wa mutane yana zana su. A tunaninsa mutanen Littafi Mai Tsarki mutanen gabas ne, to haka za su yi shiga. Kuma zanen ba don coci aka yi shi ba, cocin Holan na lokacin na 'yan Kalbin ne, wata ɗarika ta Kiristoci, ba sa yarda da hoto a wurin ibada, tun 1566 aka farfasa gumaka da zane-zane a coci-cocin ƙasar. Irin wannan a gidan mai hali ake rataye shi. Ka yi tunanin attajirin Amstadam yana cin abinci da baƙinsa da kofunan azurfa a gabansu, wannan yana rataye a bango.

Wani ɗan ƙarin tarihi da nake jin zai burge ka, allunan yumɓu da aka tono a Iraƙi sun nuna Belshazzar mutum ne da ya rayu da gaske, ɗan sarki Nabonidus ne, uban ya bar masa riƙon Babila ya tafi ya zauna wajen shekara 10 a Taima, garin da ke cikin Saudiyya a yau. Masana da yawa suna ganin shi ya sa ya yi alkawarin matsayi na uku, don shi kansa na biyu ne. Babila ta faɗa hannun Farisawa ƙarƙashin sarkinsu Sairus a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa.

In za ka sake kallonsa a waya, shiga shafin National Gallery ka nemo babban hoton, wanda ake yawo da shi a Facebook an matse shi ya lalace. Kashe fitilar ɗaki, ka fara da kallon duka na minti guda ba tare da ka taɓa ba, ka lura ina idonka ya fara sauka da inda ya bi. Sannan ka zuƙo kafaɗar alkyabbar har sai ta daina zama zinariya ta koma fenti, ka sake ta a hankali ka ga a daidai ina take komawa zinariya. Daga nan ka je kan idon sarkin, ka bi inda yake kallo har ka isa kan yatsun, za ka same su a ginshiƙi na biyar can ƙasa ta hagu, a kan harafi na 15.